Takardar Shaida: Me Maki Yake Shaidawa a Kan Ɗalibi?

 Kowace shekara idan damina ta yi nisa, WAEC da NECO suka fara sakin sakamako, gidaje kan rabu biyu. A wani gida a yi guɗa a raba alewa. A maƙwabta kuwa yaro ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, uba ya daina amsa masa gaisuwa. A majalisa ma haka zancen yake rabuwa. Wasu su ce wanda bai ci jarrabawa ba nasa ya ƙare. Wasu su ce ai duk wahalar banza ce, ga masu kwalin digiri can suna tuƙa A Daidaita Sahu. To, makin nan da ake kuka da dariya a kansa, mene ne ainihin nauyinsa a rayuwar ɗalibi? Bahaushe ya riga ya ba mu bakin zaren tun ranar da ya raɗa wa satifiket suna takardar shaida. Maki mai ba da shaida ne. Alƙali ba ya raina mai shaida, tunda da bakinsa ake yanke hukunci, amma alƙalin da ya san aikinsa yakan tambaye shi ko yana wurin, da abin da ya gani da idonsa, da kuma wanda ya biya masa kuɗin mota zuwa kotu.

Mu fara da wuraren da ake sauraron wannan shaida, domin duk wanda ya ce wa yaro maki ba kome ba ne ya cuce shi. A Nijeriya ƙofar jami'a ba ta buɗewa sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, kuma a yawancin fannoni har da Lissafi. WAEC da aka kafa tun 1952, da NECO da ta biyo baya a 1999, suna jera sakamako daga A1 zuwa F9, kiredit kuwa a C6 yake tsayawa. Yaron da ya samu D7 a Turanci, ko da ya tara A1 a sauran darussa, sai ya sake biyan kuɗin jarrabawa ya sake zama. Bayan wannan ga JAMB, wadda ke tace masu shiga manyan makarantu tun 1978, makinta kuma a 400 yake ƙarewa. A 2025 an sa 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma mai son karatun likita ko lauya a Bayero ko Ahmadu Bello ya san 150 ko zaure ba za ta kai shi ba. A cikin jami'ar ma awon bai ƙare ba: a ma'aunin da ke tsayawa a 5, sai mai 4.50 ake ba digiri mai daraja ta ɗaya, sai mai 3.50 ake ba babbar daraja ta biyu, kuma bankuna da masu ba da tallafin ƙaro karatu da dama ba sa ma buɗe takardun wanda ya gaza 3.50. 'Yan'uwanmu na Nijar da ake auna su bisa 20 sun san abin da ke tsakanin 9 da 10 a jarrabawar brebe da bakaloriya. Abin lura a nan shi ne nauyin maki ba a shimfiɗe yake bai ɗaya ba, a bakin ƙofa yake taruwa. Tazarar D7 da C6 tana iya zama amsa biyu ko uku, amma ta fi tazarar B3 da A1 tasiri nesa ba kusa ba, ko da yake wasu jami'o'in kan ƙara wa mai A1 ɗan maki wajen tantancewa. Saboda haka ɗalibi mai wayo yakan fara sanin inda ƙofarsa take. Awa ɗaya da zai kashe ya ɗago Lissafinsa daga D7 ta fi masa awa goma yana goge darasin da ya riga ya iya don kawai ya ji daɗin ganin A1.

Na san akwai mai sauraro da zai ce, “To malam, ga Alhaji wane a Kantin Kwari, firamare ma bai gama ba, masu digiri ne ke riƙe masa littafin ciniki.” Ba ƙarya ya faɗa ba. Sai dai idan za a yi lissafi a yi shi cikakke. Muna ganin Alhajin da ya yi nasara domin shagonsa a bakin hanya yake, ba ma ƙirga ɗaruruwan da suka shiga kasuwar tare da shi ba karatu ba jari, har yau suna dako. Shi kansa Alhajin ya ci tasa jarrabawar, ta shekaru yana yaron shago ubangida na gwada amanarsa, kuma a yau makaranta mafi tsada yake kai 'ya'yansa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ɗan mai hali yana da masu shaida da yawa: sunan uba, jarin gida, ɗan katin da wani babba zai rubuta masa. Ɗan manomi daga Gumel ko Tasawa ba shi da kowa sai makinsa. Malamin da ke duba takardarsa a wani gari bai san ubansa ba, bai san ko gidansu na laka ne ko na siminti ba, kuma wannan rashin sanin shi ne gatan yaron. A Amurka, lokacin annobar korona, jami'o'i da yawa sun daina neman makin jarrabawar shiga. A 2022 jami'ar MIT, wadda ta shahara a kimiyya da injiniyanci, ta dawo da shi, ta ce idan babu makin tana wahalar gane ɗaliban da suka shirya, musamman 'ya'yan marasa hali da makarantunsu ba su da wata hanyar nuna ƙwazonsu. Raina maki sai wanda yake da uwa a gindin murhu.

Yanzu sai mu juya ga mai shaidar mu tambaye shi abin da ya gani. A jarrabawar JAMB ɗalibi kan amsa tambayoyi 180 cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, a kan kwamfuta, alhali wani yaron a makon ya fara ɗora hannu a kanta. Kuma da Turanci ake tambayar. Yaron da zai iya yi maka bayani da Hausa tsaf yadda ganye ke haɗa wa shuka abinci da hasken rana yana iya faɗuwa tambayar don kalma ɗaya ta shige masa duhu, sai a rubuta cewa bai san ilimin halittu ba, alhali Turanci ne ya kayar da shi. Makin ya ga saurin yaro a safiya ɗaya, da Turancinsa, da ko ya yi barci, da ko zazzaɓi ya bar shi. Wani lokacin ma mai shaidar idonsa ne ba lafiya. Shekarar 2025 ta koya mana wannan sau biyu. Da sakamakon JAMB ya fito, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, aka yi ta zagin yaran zamani da wayar hannu. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa an samu matsala a na'urorinsu, aka ce ɗalibai 379,997 a Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas su sake zama. A watan na Mayu kuma aka ga yara a wasu jihohi suna rubuta Turancin WAEC da dare da hasken tocila saboda takardu sun makara. Da WAEC ta saki sakamako a Agusta ta ce kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a yadda aka duba wasu takardu, adadin ya koma kusan kashi 63. Yaran nan ba su ƙara karanta ko shafi ɗaya ba tsakanin sanarwar farko da ta biyu. Uban da ya mari ɗansa a ranar farko, me zai ce masa a rana ta biyu?

Wannan ba ya nufin a kori mai shaidar, yana nufin a san iyakar abin da ya gani, a kuma fifita wanda ya daɗe a wurin. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya bi sawun ɗalibai sama da 55,000 da suka gama sakandaren gwamnati a birnin Chicago, ya gano cewa makin da yaro ya tara a aji cikin shekaru ya fi makin jarrabawar rana ɗaya nuna ko zai iya kammala jami'a. Dalilin a fili yake: makin shekaru yana ɗauke da zuwa aji kullum, da gama aikin gida, da haƙurin zama da darasin da ba ka so, waɗanda su ne ke fitar da mutum daga jami'a. Sai dai a wurinmu wannan ma da sharaɗi, domin makarantar da ke cika wa kowane yaro makin gwajin aji don kada iyaye su cire 'ya'yansu ta lalata wannan shaidar. A nan makarantar allo tana da abin koya wa ta boko. Malam ba ya cewa almajiri ya samu 60 cikin 100 a wannan allon, ya wuce. Ba a wanke allo sai an biya daidai, kuma ba a kiran mutum alaramma sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, masana sun bi rubutun sun duba. A can shaidar da abin da ake shaidawa a haɗe suke. A boko kuwa wanda ya ci rabi ya wuce, ma'ana ya wuce da rabin da bai sani ba. A darasi irin Lissafi, da ake ɗora kowane bulo a kan na ƙasa, yaron da ya haye ƙaramar sakandare bai iya lissafin ɓangare ba zai je babbar sakandare yana zaton kansa ne ba ya ja, alhali ginin ne aka bar masa rami a ƙasa.

Sannan maki yana tsufa da wuri. Na JAMB shekara ɗaya yake yi ya mutu. Na WAEC ba ya mutuwa a takarda, amma da zarar an shiga jami'a sai ya koma cikin fayil. Darajar digiri takan raka mutum zuwa aikinsa na farko, daga nan sai a koma tambayar abin da hannunsa ya iya. Babu majinyacin da ya taɓa tambayar likita makinsa na JAMB kafin ya miƙa hannu a yi masa allura.

Wannan ne ya kawo mu ga mafi munin lamarin, wato shaidar zur. Satar amsa ba sabuwa ba ce. Kalmar ekspo da yara ke faɗa ta yi suna ne tun fitar takardun WAEC ta 1977, kuma tun 1999 akwai dokar da ta tanadi tara da ɗauri a kan maguɗin jarrabawa. Abin da ya canja shi ne a da yaro ke sata a ɓoye yana tsoron uba, yau uba ne ke cire shi daga makarantarsu a aji na ƙarshe ya kai shi wata cibiya a bayan gari, ya biya kuɗin “taimako”, a rubuta amsa a allo. Hujjarsu ita ce, “Kowa na yi, kuma ƙofa takarda take karantawa, ba ta karanta kai. In na hana ɗana, na bar shi a baya.” Hujjar tana da ƙarfi, don haka ba za a amsa ta da wa'azi kawai ba, ko da yake kowa ya san matsayin shaidar zur a addini. Amsar ita ce ƙofar ba ɗaya ba ce. Wanda aka saya wa A1 a Kimiyyar Sinadarai zai zauna gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai, in ya tsallake ya tarar da tantancewar jami'a, in ya tsallake ya shiga aji ɗaya inda malami zai ɗauka ya san abin da takardarsa ta ce ya sani. Daga nan sai kariyoba ta fara taruwa, har a kai ga sallama bayan an kashe shekara biyu da kuɗin gona. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Idan kuma ya lallaɓa ya fita da kwali, cutar ta koma kan jama'a. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai kashi 75 da aka sa. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya gwajin da korar da ta biyo baya, kuma gardamar tana da wurinta, amma mutanen nan da takardu aka ɗauke su aiki. Akwai kuma asarar da ba a gani: duk A1 na saye yana rage darajar A1 na gumi. Rashin yarda da sakamakon da ake kawo musu ne ya sa jami'o'i suka fara tasu jarrabawar ta bayan JAMB a 2005, wato saboda masu sayen shaida aka ƙara wa kowa kuɗi da tafiya da wata ƙofar.

Mu 'yan Arewa akwai wata gaskiya mai ɗaci da ta shafe mu. Tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, yawancinsu namu. Tsarin yana da hujjarsa, domin yaron da ya yi karatu a aji mai ɗalibai 100 ba malamin Lissafi bai tashi tsere daga wuri ɗaya da ɗan Legas ba. Amma sassauta maki shigar da yaro yake yi, ba ya koya masa kome. Gwamnan da ya biya wa ɗalibai kuɗin NECO aka buga a jarida, alhali makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ya biya kuɗin kiran mai shaida ne a kan abin da bai faru ba.

To, idan maki yana da nauyi haka kuma yana da rauni haka, yaya za a riƙe shi a gida da aji? A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta raba yaran firamare kashi uku a Isra'ila ta ba su aiki iri ɗaya. Kashi na farko aka mayar musu da takardunsu da maki kawai, na biyu da bayanin inda suka yi daidai da inda za su gyara, na uku da maki da bayanin tare. Waɗanda aka ba bayani kaɗai su ne aikinsu ya inganta a zagaye na gaba. Abin mamakin shi ne 'yan kashi na uku ba su fi masu maki kawai ba, domin da ido ya faɗa kan lamba sai yaro ya leƙa ta maƙwabcinsa, bayanin ya bi ruwa. Kowane malami ya san wannan ko bai taɓa jin sunan binciken ba. Mu kuwa a gida tambayarmu ɗaya ce ranar hutu: “Na nawa ka zo?” Matsayi a aji shi ne mafi raunin shaida duka, tunda na ɗaya a ajin da ba a koyar da kome bai kai na ashirin a ajin da ake karatu ba, kuma a aji mai yara 60 dole wani ya zo na 60 ko da duk haziƙai ne. Uban da ya karɓi takardar jarrabawar ɗansa ya ce, “Nuna mini tambayar da ta kayar da kai, yanzu ka gane ta?” ya yi amfani da makin yadda ya kamata, ko da shi kansa bai yi boko ba. Uwar da ta ce wa 'yarta ta karanta mata shafi ɗaya ta fassara mata da Hausa za ta san gaskiyar karatun yarinyar fiye da abin da katin sakamako zai gaya mata. Kada kuma a ɗauki zafin da yara ke ji da wasa. Bayan sakamakon JAMB na 2025 jaridu sun ba da labarin wata ɗaliba a Legas da ta kashe kanta saboda makin da ta gani, kafin hukumar ta fito ta amsa kuskurenta.

Kai ɗalibi da ke saurarenmu, wanda sakamakonka ya fito da D7 ko F9 a darasin da kake buƙata, WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma fannoni da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Ka nemi takardun tambayoyin shekarun baya, ka zauna da agogo ka amsa su ba tare da leƙa littafi ba, ka ware inda ka faɗi ka kai wa malami ko yayan da ya iya, tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma, kuɗin da za ku kai cibiyar satar amsa ku biya wa yaron malamin darasi na wata uku, ku kuma kira shi ya fito daga ɗaki ya ci abinci.